Ga ƙannena masu fama da ciwon Crohn a Legas

Ƙannena, yawancinku da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba ku taɓa jin sunan wannan ciwo ba, Allah ya sa kuma kada ku buƙaci saninsa. Amma akwai 'yan kaɗan a cikinku da ciki ya hana su sakat tun suna sakandare: murɗa bayan cin abinci, gudawa da ba ta jin magani, rama, kasala, wani lokaci har jini a bahaya. An ce musu taifot ne, an ce basir, an ce atuni, wasu ma an ce sammu aka yi musu. Da su nake magana. Na daɗe a wannan hali kafin a gano ciwon Crohn ne, kuma wahalar da na sha bayan an gano ɗin, rabinta daga yadda na riƙi abinci da magani ta fito.

Sunan ciwon na wani likita ne, Burrill Crohn, na asibitin Mount Sinai da ke New York a Amurka, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana shi a 1932. Garkuwar jikin mutum ce ke far wa hanjinsa, ta kumbura shi, ta yi masa gyambo. Yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ya fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, daidai mahaɗarsa da babba, shi ya sa murɗar ta fi tsanani a ƙasan cibiya ta hannun dama. Ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a buta, kuma ba wani abinci da ka ci ne ya sa maka shi ba. Yakan tashi, ya lafa, ya sake tashi. Har yau babu maganin da ke raba mutum da shi kwata-kwata, ko tiyata ba ta yin haka, amma akwai magungunan da ke kwantar da shi shekara da shekaru.

A ƙasarmu yana da wuyar ganewa, don yana kama da tarin fuka na hanji ƙwarai, kuma wancan ya fi yawa a nan. Sai an zura na'ura mai kyamara ta dubura, abin da ake kira kolonoskofi, an ɗebi ɗan nama an duba shi, sannan likita ke iya rarrabewa. Asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da likitocin ciki da hanji. Kada kunyar wannan gwaji ta hana ka zuwa. Ni ta hana ni, na yi ta shan maganin taifot a kai a kai, hanjin kuwa yana ci gaba da lalacewa.

A wancan lokaci duk sanda ciki ya murɗa ko gaɓoɓi suka yi tsami, kemis nake tsayawa in sayi diclofenac ko ibuprofen. Ashe irin waɗannan ƙwayoyi suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, suna ƙara wa gyambon hanji. Idan dole ka sha na rage zafi, farasitamol ya fi aminci. Ka kuma kiyayi ƙwayoyin da ake ƙulla maka a leda ba suna, da gorunan maganin basir da ake yawo da su a tasha, don ba ka san abin da ke ciki ba, kuma mai gudawa ba ya buƙatar abin da zai ƙara wanke masa ciki.

Maganar abinci ce na fi son ku saurara da kyau, domin nan na fi cutar kaina. Da aka ce min ciwon hanji ne, sai na ɗauka idan na gano abincin da ke da laifi na bar shi, shi ke nan na warke. Na bar nama, na bar wake, na bar nono, na bar ganye, na bar mai. Duk wanda ya ce min abu kaza ba shi da kyau, sai in cire. Har ya kai ga koko da farar shinkafa kaɗai nake ci. Idona ya faɗa, wandona ya koma sai da mazagi mai ƙulli biyu, in na hau gadar sama ta masu tafiya a ƙasa sai na tsaya a tsakiya na huta. Da aka auna jinina ya yi ƙasa sosai. Likitar ta dube ni ta ce, Malam, jikin da ke da gyambo a ciki ya fi na mai lafiya buƙatar abinci mai gina jiki, kai kuwa ka hana shi.

Abin da ya gyara min al'amari ƙaramin littafi ne na naira kaɗan. Kullum ina rubuta abin da na ci, da lokacin, da abin da ya biyo baya. Ba a yanke wa abinci hukunci da ci ɗaya, sai ya maimaita laifinsa. A haka na gane yajin tsire da soyayyen abu mai maiƙo da lemon kwalba su ke tayar min da hankali, amma kifi da ƙwai da kaza dafaffiya ba ruwansu. Madarar shayi tana sa ni gudawa, kindirmo kuwa yana zauna min lafiya. Wani mai irin ciwon nan zai ce maka akasin haka, kuma gaskiya yake faɗa. Saboda haka kada ka kwafi jerin abincin kowa, har da nawa.

Sannan abincin lokacin tashin ciwo daban ne da na lokacin da ya lafa. In ya tashi, ka nemi mai laushi, ka ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon ka cika ciki sau biyu. A gidanmu uwargida takan tuƙa tuwon shinkafa ya yi laushi tiɓis, ta kaɗa miyar kuka ba barkono, ta murmushe kifi a ciki bayan ta tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Dankali dafaffe, kabewa, ayaba, gwanda nunanniya, kunun da aka tace, duk suna wucewa ba faɗa. In gudawa ta yi yawa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ciwon ya lafa, ka dawo da ganye da 'ya'yan itace da alale sannu a hankali, kada ka dawwama a kan farin abinci.

Akwai waɗanda kumburin ya bar wa tabo har hanjinsu ya tsuke a wani wuri. In likita ya ce kana cikinsu, to dafaffiyar masara da gyaɗa da aya da kwaɗon zogale da ganda suna iya toshe maka hanya. Alamarta murɗa mai tsanani, ciki ya kumbura, amai, ba bahaya ba tusa. Wannan ba ta jiran gari ya waye, asibiti za a nufa.

Ka riƙa roƙon a duba maka sinadarin ƙarfe a jini da bitamin B12. Shi B12 a ƙarshen ƙaramin hanji jiki ke tsotsarsa, wurin da ciwon ya fi ci, don haka wasu sai da allura. Iyayen yara kuma su sani, likitoci kan ɗora yaro a kan abincin ruwa na musamman shi kaɗai na mako 6 zuwa 8, kuma yana kwantar da kumburin. Wannan aikin asibiti ne, ba kunun gida ba.

Da na fara jin daɗin jikina, na yi ƙiba, sai zuciya ta raya min cewa abincin ne ya yi aiki, ƙwayar azathioprine da nake sha kullum asarar kuɗi ce, ga kuma awon jini da take buƙata a kai a kai. Na ajiye ta ban gaya wa kowa ba. Ciwon nan kamar wutar ƙaiƙayi yake, sama toka, ƙasa tana ci. Bayan wasu watanni ƙurji ya fito min a gefen dubura, ya fashe, ya koma yoyon mugunya, sai da aka yi min aiki. Abinci yana rage maka wahala, yana gina ka, amma kumburin da ke cikin bangon hanji magani ne ke riƙe shi. Akwai awon bahaya da ake kira kalfurotektin da ke nuna kumburin ko da ba ka jin komai. In kuɗin magani ya gagare ka, ka faɗa wa likita ƙarara a nemi mafita tare. Ita kuma prednisolone, ƙwayar da likita kan bayar don kwantar da kumburi in ciwon ya tashi, ba a yanke ta rana ɗaya, ba a kuma sayenta da ka duk sanda ciki ya motsa, don daɗewa a kanta na raunana ƙashi, yana tayar da sukari da hawan jini.

Sigari kam babu ja-in-ja a kansa. Yana ƙara yawan tashin ciwon da yiwuwar kaiwa ga tiyata, kuma shisha da samari ke ɗauka ado ne, taba ce ita ma. Ka bar su.

Legas ba ta tausaya wa mai gudawa. Wanda ya taɓa maƙalewa a gosulo a kan gadar Third Mainland cikin danfo, ciki na juyawa, ya san abin da nake nufi. Da farko maganin da na samo shi ne in ƙi cin komai tun safe har dare, wanda ya ƙara ramar da ni. Yanzu ina karyawa da wuri in ba ciki lokaci kafin in fita, na san masallatai da gidajen mai masu banɗaki a hanyata, jakata kuma ba ta rabuwa da ruwa da sabulu da wandon canji. Na gaya wa maigidana a kasuwa halin da nake ciki, ya daina tambayata ina na shiga. Barci ma ka ba shi haƙƙinsa, hirar shayi har tsakar dare ga tashin asuba tana karya jikin da ke fama.

Sai azumi. Na taɓa dagewa na ɗauka ciwon yana kan ganiyarsa, don kada a ce saurayi kamata yana ci da rana, ƙarshenta ƙarin ruwa aka yi min. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Da yawa suna azumi lafiya ƙalau in ciwon ya lafa. Tun cikin Sha'aban ka je wurin likitanka a tsara maka lokutan shan magani, ka kuma tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. In ka sha ruwa, kada ka buɗe baki da ƙosai da soye-soye cikin gaggawa. Fara da ruwa da kunu mai ɗumi, ka yi sallah, sannan ka ci abincin a natse, ka raba shi biyu zuwa sahur.