Ranar da Motata Ta Ƙi Gangarawa

A ƙofar gidanmu akwai 'yar gangara wadda mai tafiya a ƙasa ba ya ko lura da ita, amma shekara da shekaru idan na saki birkin hannu na taka kuloci, motar takan silale da kanta har bakin titi kafin in sa giya. Wata safiya a ƙarshen damina na dawo ɗaukar wata takarda da na manta, na sake shiga, na saki birkin hannu, na taka kuloci, sai motar ta tsaya cik kamar an sa mata dutse a gaban taya. Da na ba ta wuta ta tafi, don haka ban ɗauki abin da muhimmanci ba, sai da na ga mai yana ƙarewa da wuri, kuma sitiyari yana ɗan jan hannuna zuwa dama a miƙaƙƙen titi.

Zargina na farko ya faɗa kan kuloci, kuma a nan na yi kuskure. Mota mai giyar hannu tana da wata fa'ida wajen irin wannan bincike: da zarar an cire giya an bar ta a firi, injin ya rabu da tayoyi, saboda haka lafiyar kuloci ko rashinta ba ta da hannu a cikin gangarawar motar. Na kai ta fili mai shimfiɗa, na kashe injin, na cire giya, na sauke birkin hannu, na sa kafaɗa na tura. Motar da yaro ɗan sakandare yake iya turawa shi kaɗai ta motsa da ƙyar, kuma ina sakinta ta tsaya nan take. Wannan ya nuna cewa abin da yake riƙe ta yana wajen tayoyi.

Don in gane tayar da ke da laifi, na yi tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, na tsaya na kara bayan hannuna kusa da kowane wili. Uku suna da ɗumi na al'ada, amma na gaba ta dama yana huci kamar murhu, ga warin ƙonewa mai kama da na roba. Kada mutum ya kuskura ya taɓa faifan birkin da yatsa, kuma kada ya watsa masa ruwa don ya huce, domin ƙarfe mai zafi idan ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa. Yawan tayoyin da suka yi zafi ma bayani ne. Idan taya ɗaya ce, matsalar tana nan kusa da ita. Idan na baya biyu ne, a fara duba wayar birkin hannu, wadda tsatsa kan hana ta komawa. Idan duk huɗun ne, ko ta gaba ɗaya da ta baya ta ɗaya gefen, to ido ya koma kan masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda, domin motoci da yawa masu ja da gaba an haɗa layin man birkinsu a gicciye ne.

Na kai ta wurin wani dattijon makaniki da niyyar in ce a sauya kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, tun da kowa ya ce fistin da ke cikinta ne ya kama. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da ƙarfe, ya kafa dutse a bayan tayar baya, sa'an nan ya juya tayar da hannu, sai ta juya lami lafiya, domin motar ta huce yayin da muke jiran layi. Ya girgiza ta sama da ƙasa yana sauraron boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa, bai ji gurnani ko wasa ba. Daga nan ya ce, "Malam, shiga ka taka birkin da ƙarfi sau biyar, ka ɗage ƙafarka." Na yi, ya sake kama tayar da hannu biyu, ta ƙi motsi.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni, kuma bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Ya cire tayar, ya ɗauki ƙaramar sifana ya ɗan kwance notin da ake fitar da iska a jikin kalifa. Man birki ya yi tsartuwa, ya maida notin da sauri, ya taɓa faifan da yatsu biyu, sai ga shi yana juyawa. Ya dube ni ya ce, "Kalifarka ba ta da laifi, mai ne ya shiga ya rasa hanyar komawa."

Hikimar gwajin ita ce yana raba matsalar gida biyu. Da faifan ya ci gaba da kamewa bayan an saki man, da mun san ƙarfe ne ya riƙe ƙarfe: ko fistin ya yi tsatsa saboda robar da ke kare shi daga ƙura ta yage, ko sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe babu giris. Amma tun da sakin man ya 'yantar da tayar, matsi ne ya maƙale a cikin layi, kuma saura a gano inda ya maƙale. Ya sa na sake taka birkin, wannan karon ya kwance layin daga sama, can bakin masta, tayar ba ta saki ba. Ke nan toshewar tana tsakanin masta da kalifa, kuma a wannan tsakanin abin da ya fi saurin lalacewa shi ne tiyon robar da ke lanƙwasa duk lokacin da aka karya kwana.

Daga waje tiyon ba shi da ko tsaga. Da ya cire shi ya yanka da wuƙa, sai muka ga rufin cikinsa ya kumbura ya ɓare, ya zama kamar murfi mai buɗewa ta gefe ɗaya. Ƙarfin ƙafa da taimakon busta, wato na'urar da ke ƙara wa taka birki ƙarfi, yana iya tura mai ya wuce ta wannan matsatsin, amma abin da ke maido da fistin baya ba wani sifirin ba ne, 'yar robar da ke zagaye da shi ce kawai take jan sa kaɗan, kuma ƙarfinta bai kai ya ture man ya koma ba. Shi ya sa motar take sakewa idan ta kwana, ta sake kamewa da zarar an taka birki.

Da ya buɗe tankin man birkin, na ji kunya, domin man ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, kuma tun da na sayi motar ban taɓa sauya shi ba, sai dai ƙari. Man birki mai lambar aji DOT 3 ko DOT 4 yana zuƙar damshi daga iska. Ƙa'idar DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma idan ya sha ruwa iyakar takan sauko zuwa 155, kuma birkin da ke kame yana dafa man ne a kan hanya har feda ta nutse ƙasa. Saboda haka ne masu ƙera motoci da dama suke cewa a sauya shi duk shekara biyu.

Mun sauya tiyon gaba duka biyun, tun da shekarunsu ɗaya, da fad, wato takalman birki masu gogar faifai, waɗanda zafi ya ƙona fuskarsu, aka zubar da tsohon mai aka fitar da iska. Washegari na tsaya a ƙofar gida, na taka birki da ƙarfi sau biyar kamar yadda dattijon ya sa ni, na ɗage ƙafa na taka kuloci, motar ta silale zuwa bakin titi.