Gwanjon ɗakunan ajiya a Amurka

Tun da na fara zuwa gwanjon ɗakunan ajiya a nan Amurka, 'yan uwa a gida ke tambayata ko zinariya nake tsinta. Wallahi yawanci katifa ce da tsofaffin kujeru.

Mutum zai kama hayar ɗaki ya zuba kayansa, sai ya daina biya. Bayan an aika masa takardar gargaɗi, doka ta ba masu wurin damar yin gwanjon kayan. A yanke kwaɗo, a ɗaga ƙofa, ku tsaya daga waje ku leƙa. Ba shiga, ba taɓa kwali. Ni dai jerin kwalayen nake kallo: wanda ya shirya kayansa tsaf, da wuya a rasa abin kirki. Baƙar leda kuwa, ko tufafi ko shara.

Hotunan iyali da takardun makaranta su ke sosa mini rai, ofishin masu wurin nake mayar da su.

In ka ci gwanjon, cikin kwana biyu ko uku za ka kwashe komai ka share, kuɗin zubar da shara ma daga aljihunka. Kekuna da kayan kafinta ba sa kwana in na sa su a Facebook Marketplace, kasuwar saye da sayarwa ta Facebook. Katifar ce ko kyauta ba mai so.