Rabuwar Sudan da Lissafin Cinikin Waje

Duk wanda ya duba jadawalin kayan da Sudan ta fitar zuwa ƙasashen waje tsakanin 2005 da 2015 zai ga adadin ya faɗi warwas bayan 2011, har ya ɗauka rijiyoyin mai ne suka ƙafe. Abin da ya faru shi ne, ranar 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa, sai man ya koma lissafin Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, alhali bututun da ke kai shi teku yana nan inda yake, a Port Sudan, tashar jiragen ruwan Sudan, yake ƙarewa.

A ƙa'idar masu ƙididdiga, kayan da suka ratsa ƙasa kawai ba nata ba ne. Abin da Khartum ke da ikon rubutawa shi ne kuɗin wucewar man, wanda ke shiga lissafin hidimomi maimakon na kaya. A kan wannan kuɗin ne ƙasashen biyu suka yi saɓani, har Juba ta rufe rijiyoyinta a Janairun 2012, ba a koma haƙowa ba sai Afrilun 2013.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne na ƙananan 'yan kasuwa. Dawa da sukari da ake lodawa a jiragen ruwa daga Kosti ta Sudan zuwa Malakal ta Sudan ta Kudu cinikin cikin gida ne a da, babu ruwan kwastan da shi. Dare ɗaya ya zama cinikin ƙasa da ƙasa da ya kamata a rubuta, amma da yake an rufe iyaka, yawancinsa ya tsaya ko ya bi ta ɓarauniyar hanya, bai shiga littafin kowa ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi abin da ya dace: ta daina amfani da lambar da ake gane tsohuwar Sudan da ita a ƙididdiga, wato 736, ta ba sabuwar Sudan 729, ta ba Kudu 728, don kada a haɗa alƙaluman ƙasashe mabambanta. Duk da haka, ana samun rahotannin da ke jera shekarun a layi ɗaya ba tare da bayani ba, kuma a ganina wannan zalunci ne ga mai karatu. Yankin Abyei da ke kan iyakar ƙasashen biyu kuwa har yau ba a yanke na wa ne ba, don haka buhun dawar da aka kai kasuwarsa ba a ma san ko ya bar Sudan ko bai bar ta ba.