Ashirin da shida cikin talatin

A shekarata ta biyu a jami'a nan Sakkwato, akwai wani kwas mai yunit 3 (wato nauyinsa a lissafin sakamako) da na ɗauka na riga na sa shi aljihu. Mun yi tes biyu da asaiment ɗaya, aka liƙa maki a allon sanarwa, na bi lambata da yatsa: 26 cikin 30. Abokai suka yi ta "sai kai". Daga ranar na ture littafin gefe, na koma kan kwasa-kwasan da nake jin tsoronsu.

Jarrabawa ta faɗo cikin Afrilu, lokacin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ina zaune gumi na ɗiga kan takardar amsa, na ga tambaya biyu sun fito daga babin ƙarshe, wanda ban ko buɗe ba. Da sakamako ya fito, C na samu.

Na je wurin malamin da ya koyar da mu, zuciyata cike da ƙorafi. Na ce, "Malam, ko dai an yi kuskure wajen tarawa?" Bai yi fushi ba. Ya ce, "Nawa kas samu kafin jarrabawa?" Na faɗa. Ya jawo wata tsohuwar ambulan, ya juya bayanta, ya fara rubutu.

A sashenmu, ayyukan cikin zango maki 30 ne, jarrabawa 70. Wasu wuraren 40 da 60 suke yi. Sakamakon A yana farawa daga 70, B daga 60, C daga 50, D daga 45, E daga 40, ƙasa da haka faɗuwa ce, sai kariyoba, wato maimaita kwas ɗin. Da 26 ɗina, maki 44 kawai nake nema cikin 70 in samu A. Na samo 31. Jimla 57. Maki uku suka raba ni da B, rabin tambaya ɗaya ke nan da na karanta babin nan ko da dare ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne layin ƙarshe da ya rubuta. A tana da daraja 5, C tana da 3, kuma ana ninka su da yunit ɗin kwas. Maimakon 15 na tashi da 9. Wannan gibin na 6 ya shiga jimlar da ake lissafa darajar digiri da ita, ya bi ni har shekarar ƙarshe. Ina ganin ya kamata a zaunar da kowane sabon ɗalibi a yi masa wannan lissafin tun makon farko, domin da yawanmu makin tes muke kallo kamar shi ne hukunci, alhali fiye da kashi biyu cikin uku na nan gaba.

Bara ƙanena ya zo gida Mabera da rana tsaka, fuska a murtuke. Ya samu 11 cikin 30, ya ce, "Yaya, kwas ɗin nan ya riga ya tafi." Na ce ya kawo biro. Muka zauna kan tabarma ƙarƙashin dogonyaro: 29 cikin 70 ya tsallake faɗuwa, 39 ya kai C, 49 ya kai B. Ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya ninke ta ya sa a aljihun riga, ya tare kabu-kabu ya koma makaranta tun kafin la'asar.