Yau ba Inna ce a bakin tanda ba

Talata, Gwammaja.

Hazo ya sauka sosai da asubar nan, daga ƙofar masallaci ba ka hango ƙarshen layinmu. Na so in koma cikin bargo, ciki ya ce bai san wannan ba. Uwargida da yara suna Gaya wajen biki tun Asabar, gidan ko ashana ba a ƙyasta ba. Sai na ja hular sanyi na nufi rumfar Inna mai waina. Kada in ɗora wa biki laifi, ko uwargida tana gida ma sai na leƙa rumfar nan sau biyu a mako, kuma ta daɗe da gajiya da yi min gori a kai.

Rumfar tana yadda na san ta. Kwano huɗu a sama da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, benci biyu, ɗaya mai gurguwar ƙafa da aka tokare da bulo, buta da sabulu a bakin kwata. Mai shayin da ke gefe ya ƙure rediyo, BBC ta ƙarfe shida da rabi ta fara. Direbobin A Daidaita Sahu uku sun faka suna jiran a sallame su, suna musun Kano Pillars kamar su ne za su shiga fili a Ƙofar Mata.

Amma ba Inna ce a kan kujerar ba. 'Yarta ce, ƙaramar, wadda na sani tun tana goye.

Muka gaisa, na tambayi Inna. Ta ce yayansu ya kai ta asibiti tun da duhu don su kama layi, idon ne ya matsa mata. Ban yi mamaki ba. Shekaru nawa tana sunkuye a kan itace, hayaƙi yana shiga ido, tana sharewa da gefen mayafi tana cewa ba komai. Na ce Allah ya ba ta lafiya, na zauna a wurina.

Sai yarinyar ta ɗago ta ce, "Baba, ta nawa za a zuba maka? Da miya ko da ƙuli?"

Wallahi na yi shiru kamar an tambaye ni karatun da ban biya ba. Na fi shekara goma ina cin wainar nan, ban tuna ranar ƙarshe da na buɗe baki na faɗi abin da nake so ba. Ina zama Inna take miƙo kwano. Ita ta san ina son ta gefen tanda, wadda bakinta ya ɗan soyu har yana ƙaras-ƙaras. Ta san ba na son man da ke taruwa a saman miya, sai ta ture shi da bayan ludayi ta ɗebo daga ƙasa, inda kabewa da gyaɗa suka kwanta. Adadin ma ita take yankewa. In ta ga na rame ta ƙara biyu, in wata ya yi nisa ta rage kuɗin ba tare da ta kalle ni ba. Lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, da mutane suke kwana a layin banki, kusan wata guda na ci bashi a nan, ba littafi ba rubutu.

Na ce wa yarinyar shida, da miya. Ban ma tabbata shida nake ci ba.

Na zuba mata ido tana aiki. Hannunta ya iya, ba laifi. Tana ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu, ta jira ƙananan ramuka su fito a sama, sannan ta sa cokali ta juya. Sauri ne kawai ya yi mata yawa. Inna ba ta taɓa bari layi ya firgita ta, ko mutum goma ne a tsaye sai wainar ta nuna har ciki. Ta yau tsakiyarta da ɗan danshi. Ƙullun kuwa na Inna ne, na ji a tsaminsa, ita ta jiƙa shinkafar jiya ta kai niƙa ta sa yis ya kwana. Miyar taushen ma tata ce, yakuwar daidai, daddawa ba ta yi kururuwa ba.

Wani dattijo da muke haɗuwa kullum, ɗan kasuwar Dawanau, ya fara mitar cewa waina ta ƙanƙance. Gaskiyarsa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ƙanƙance in ban da farashi. Amma shi da yake sayar da hatsi da buhu ya fi kowa sanin dalili, don haka na ce masa, "Alhaji, ku sauko da shinkafa mana ku ga ikon Allah." Aka yi dariya, ya ce shi gero da wake yake sayarwa, a nemi masu laifi a gaba.

Sauran ranar ba wani abin rubutawa. Shago a Kwari, ciniki sama-sama, ƙura a maƙogwaro, cunkoso a hanyar dawowa.

Bayan magariba na biya ta gidansu dubiya da 'yar ledar lemo. Inna tana kan tabarma a zaure, an ɗiga mata magani, ido a rufe. Likita ya ce ta nisanci hayaƙi, ita kuma ta ce to wa zai ciyar da gidan. Tana jin sallamata ta gane murya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta juya wajen 'yarta ta ce, "Nawa kika zuba masa?" Yarinyar ta ce shida.

"Bakwai yake ci," in ji Inna. "Gobe ki ba shi ta gefe."