Murfin butar Whieldon da na saya a gwanjo

Har yanzu in na ɗaga murfin butar shayin nan sai raina ya ɓaci wallahi. Butar kanta ba ta da laifi, ta yumɓu ce irin ta Staffordshire a Ingila ta wajajen 1760, wadda masu harkar ke kira Whieldon saboda Thomas Whieldon, maginin kayan yumɓu na garin Fenton, wanda abokin sana'arsa Josiah Wedgwood ya yi haɗin gwiwa da shi daga 1754 zuwa 1759, ko da yake ba Whieldon kaɗai ya yi irinta ba, maƙwabtansa duk sun yi, kuma yawanci ba sa buga tambari. 'Yar ƙarama ce, don a lokacin ganyen shayi tsada gare shi. Kalar jikinta kamar bayan kunkuru, launin ruwan ƙasa na ma'adinin manganis da ɗan kore na jan ƙarfe sun narke sun zuba cikin ruwan dalma mai sheƙi da aka shafe yumɓun da shi, mariƙinta an yi shi kamar reshen itace mai kullutu, ga ganyen inabi da aka manna a jikinta.

Amma murfin ba nata ba ne! Masu gwanjon sun rubuta wai ƙaramin gyara ne kawai a baki, ba su ce uffan kan murfi ba, kuma a hotunansu duk a rufe take. Da ta iso na sa murfin sai na ji yana rawa, na juya shi na ga yumɓunsa ya fi na butar fari, ruwan ƙasan ma ya fi duhu, ɗigo-ɗigo ne bai zuba ba. Na haska shi da tocilan ɗin nan da ake duba jabun kuɗi, sai ga ƙululun samansa yana wani haske daban, alamar fenti da gam na zamani. Wato murfin wata buta aka ɗauko, shi ma gyararre.

Na rubuta musu, suka ce ai ƙa'idarsu ta ce mai saye ya duba da kansa. Haka kawai.

Don Allah in za ka saya daga nesa ka ce a ɗauko maka hoton murfi shi kaɗai, ciki da waje, kusa da gindin butar, don ka gwada launin yumɓun. Kuma kar ka dafa shayi a ciki, akwai dalma a shafen jikinta. Dillalin da na nuna wa ya ce da murfinta na asali da kuɗinta ya fi haka nesa, yanzu sai dai in yi ta cigiyar wani murfin da ya fi dacewa.