Yau aka raɗa wa 'yar Yaya suna Barira

Asabar, bayan isha'i.

Tun kafin kiran assalatu na tashi, don ni aka ɗora wa damun kunun gyaɗa da rabon waina. Ana idar da sallar asuba maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zagaya da goro da dabino, mu kuma muna tsakar gida mun kasa kunne. Can sai ga ɗan maƙwabta ya rugo yana haki: "Barira! An ce sunanta Barira!" Kafin guɗa ta tashi sai da aka ɗan yi shiru, mata suna kallon juna. Shirun nan ya tsaya mini a rai.

Takwara aka yi wa Kaka, mahaifiyar Baba, Allah ya jiƙanta. A ɗakinta Yaya ya tashi, ita ta yaye shi, kuma tun yana saurayi yake cewa in Allah ya ba shi 'ya mace sunanta zai mayar. Ya cika alkawari.

Da hantsi, bayan an yanka rago wanzami ya gama aski, ƙawayen mai jego suka cika ɗaki. Ina shiga da kwanon ƙauri na tarar ana maganar. Wata ta ce, "Wai Barira, a wannan zamanin? Ai sunan tsofaffi ne." Wata ta ce yara za su tsokane ta a makaranta. Wadda ta fi ba ni ciwo ita ce mai ɗan karatu a cikinsu, da ta ce, "Kuma fa mai asalin sunan baiwa ce." Mai jego ba ta tanka ba, tana ta gyara wa jaririya hula. Na san Afnan take so, tun cikin yana ƙarami take faɗa, kuma ban ga laifinta ba. Wadda ta ɗauki ciki wata tara tana da haƙƙin ta yi buri.

Na ajiye kwanon na zauna a bakin gado. Na ce musu gaskiya ne baiwa ce, amma ku bari in ba ku labarinta kafin ku yanke hukunci. Darasi ne da nake karantar da matan aure a Islamiyyarmu, yana cikin Muwaɗɗa, yana cikin Buhari.

Barira baiwar wasu mutanen Madina ce. Da kanta ta ƙulla yarjejeniya da iyayen gijinta cewa za ta fanshi kanta da uƙiya 9 ta azurfa, kowace shekara ta biya ɗaya. Uƙiya ɗaya dirhami 40 ce, ke nan dirhami 360 a shekara 9. Ta je wurin Nana A'isha neman taimako. Nana A'isha ta ce za ta biya kuɗin gaba ɗaya ta 'yanta ta, sai masu ita suka kafa sharaɗi wai wala'i, dangantakar da ke tsakanin 'yantacce da wanda ya 'yanta shi, har da gado, ya zauna a hannunsu. Manzon Allah (SAW) ya tashi ya yi huɗuba a kan masu gindaya sharuɗɗan da babu su a Littafin Allah, ya ce wala'i na wanda ya 'yanta ne. Hukuncin da malaman fiƙihu ke karantarwa har yau, a kan matar nan ya sauka.

Da na zo kan labarin mijinta, ɗakin ya yi tsit. Mugisu sunansa, shi ma bawa ne. Da Barira ta sami 'yanci aka ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu, sai ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya dinga bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Har Manzon Allah ya ce wa baffansa Abbas, shin ba ya mamakin son da Mugisu ke yi wa Barira da ƙin da Barira ke yi wa Mugisu? Ya tausaya masa, ya ce da ita da ma ta koma. Sai ta tambaya: "Ya Manzon Allah, umartata kake yi?" Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce, to ba ta da buƙatarsa. Kuma ba a tilasta ta ba, ba a yi fushi da ita ba.

Duk lokacin da na karanta wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Mace ce da jiya-jiya take hannun wasu, amma ta san bambancin umarni da shawara, ta yi tambayarta cikin ladabi a gaban mafificin halitta. Da umarni ne da ta bi, tambayar ma ta nuna haka. Na tuna 'yan mata nawa na sani da aka ɗaura musu aure suna kuka, ba wanda ya tsaya jin ta bakinsu.

Na ƙara musu da na naman da aka ba ta sadaka ta kawo gidan Annabi, ya ce a wurinta sadaka ne, a wurinsu kuwa kyauta. Nana A'isha da kanta ta ce sunnoni 3 ne suka tabbata ta dalilin Barira: zaɓin nan, da wala'i, da naman.

Ƙanwar mai jego ce ta tambayi ma'anar sunan. Yawanci ana ɗauka daga "birru" yake, wato nagarta da biyayya, kuma akwai malaman da suka faɗi haka. Amma Ibnu Hajar, malamin da ya yi sharhin Buhari, ya rinjayar da cewa daga "barir" ne, 'ya'yan itacen arak, bishiyar da ake yin asuwaki da saiwarta. Ƙanana ne, suna fitowa a cure, in sun nuna su yi ja. Hujjarsa ta kama hankalina: Annabi ya canza sunan matan da ake kira Barra, irin su Juwairiyya da Zainab 'yar Abu Salama, saboda akwai yabon kai a ciki, amma bai taɓa na Barira ba. Da ma Larabawa sun saba sa wa 'ya'yansu sunan tsirrai. Ɗalha itacen ƙaya ne, Hanzala wata 'yar duma ce mai ɗaci. Na ce da mai jego, Afnan ɗin da kike so ma rassan bishiya yake nufi, a Suratur Rahman yake. Nan ta ɗago ta yi murmushi, karo na farko tun safe.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin yadda sunan ya ja baya. A tsarar su Kaka ba baƙo ba ne, kusan kowace unguwa za ka ji wata Barira, kamar yadda za ka ji Rakiya da Sa'ade da Habi. A ajin yaran da nake koyarwa da yamma kuwa babu ko ɗaya. A'isha da Fatima da Khadija da Maryam suna nan daram, sai sababbin da suka shigo, su Hanan da Iman da Amal da Ikram. Ba na ƙin su, sunaye ne masu daɗi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke jingina suna da ƙauye ko tsufa don kawai kakanninmu sun amsa shi, alhali ba mu san tarihinsa ba.

Akwai kuma hannun alkunya a ciki. Duk yarinyar da aka mayar wa sunan uwa ko suruka, sai a lulluɓe shi da Ummi ko Mama ko Walida, ta girma har ta yi aure maƙwabta ba su taɓa jin sunanta na yanka ba. Girmamawa ce, ni ma a cikinta na tashi, amma sunan da ba a kira yara ba sa jin sa, balle su so shi.

Shi ya sa bayan magariba na sami Baba a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ina neman alfarma. Mu jikoki ai da ma muna kiran Kaka da sunanta cikin wasa. A bar mu mu riƙa kiran takwararta da shi." Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ku kira abinku. Ni dai bakina ba zai iya ba, Inna zan ce mata." Yaya yana gefe, ya ce Litinin zai je karɓo takardar haihuwa, kuma Barira za a rubuta, ba ƙari.

Ɗazu mai jego ta turo mini saƙo a WhatsApp, wai in na zo gobe duba su in taho mata da littafin, tana so ta ga wurin tambayar nan da idonta. Na riga na sa shi a jaka tare da turaren wutan da na manta ban kai mata ba.